Tukunyar Kunun Zaƙi Tsakanin Gas da Lantarki

 Wannan shirin faɗakarwa ne ga mutanen Anka, Gummi da Bukkuyum, da na Bagega, Ɗaki Takwas, Nasarawar Burkullu da duk ƙauyukan da muryar nan ke kaiwa. Shirin yau na iyayenmu mata ne masu sana'ar kunun zaƙi da zoɓo da koko, tare da mazajensu da samarin gida da ke ɗaura tukunyar gas a bayan babur su kai wurin ɗuri. Magana ɗaya ce za a tattauna: macen da ke tafasa ruwa tukunya guda kowace rana domin sana'a, shin ya dace ta bar gas ta koma lantarki? In ya dace, ta ina za ta fara?

Har zuwa 'yan shekarun nan babu mai wannan tambaya a yammacin Zamfara. Murhu ne da duwatsu uku, sai icce da karan dawa, kuma daji na nan a bayan gari. Yau shiga daji neman icce ya zama kasada da rai saboda 'yan bindiga, ga birane cike da 'yan gudun hijira masu buƙatar makamashi, don haka ɗaurin icce ya yi tsada. Ga kuma hayaƙi, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa irinsa na cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a duniya a shekarar 2020 kaɗai. Masu ɗan hali a cikin gari suka sayi tukunyar gas mai kilo 6 ko mai kilo 12.5, suka huta da hura wuta da jan ido. Sai dai gas ɗin daga can kudu yake tasowa, daga wurare irin su Bonny da Legas, a ɗoro shi a tanka zuwa Gusau ko Sakkwato, sannan ya gangaro hannun 'yan sari, kowane mataki da ƙarin kuɗinsa. A shekarar 2024 kilo ɗaya ya haura naira 1,000 a mafi yawan garuruwan Najeriya. Mai kunu ta duba ribarta ta ga tana zurarewa ta bakin tiyo, sai idonta ya koma kan wayar da ta ratsa ta saman katangarta.

Kafin a je ga waya, sai a fara leƙa tukunyar. Mai kunu takan jiƙa gero ko dawa ya kwana, ta wanke, ta haɗa da citta, kanumfari, masoro da ɗan barkono, a kai injin markaɗe. In ƙullun ya dawo sai ta raba shi biyu, babban kaso da ƙarami. Babban kason shi ake sheƙa wa tafasasshen ruwa ana juyawa da muciya har ya yi kauri ya kama jikinsa, launinsa ya sauya, ƙamshin dafaffen gero ya tashi. Ba ta gaggawa daga nan. Takan bar shi ya sha iska, ta riƙa taɓa gefen robar da bayan hannu, sai ta ji zafin ya sauka daidai yadda ta saba kafin ta zuba ƙaramin kason, wanda aka haɗa da markaɗaɗɗen busasshen dankalin Hausa ko tsiron shinkafa. Ta juya, ta rufe, ta bar shi ya kwana. Da asuba abin da aka bari da kauri ya tsinke ya zama ruwa-ruwa, zaƙi ya fito, ga ɗan tsami mai daɗi. Sai tacewa da rariya, a ƙara sukari gwargwado, a ɗura a gora, a jera a kula da ƙanƙara.

Wancan taɓa roba da bayan hannu, a nan duk gwanintar take. A cikin tsiro da dankali akwai wasu sinadarai da Allah ya halitta masu farfasa sitacin hatsi su mayar da shi sukari. Suna aiki sosai ne idan zafi yana tsakanin digiri 60 da 70 a ma'aunin Selsiyas. Da zarar ya kai wajen 80 sai su mutu, kunu ya kwana da kaurinsa, mai shi ta wayi gari tana cike giɓin da sukarin kanti. In kuma ya huce da yawa kafin a zuba tsiron, aikinsu ya yi sanyi, tsami ya riga zaƙi fitowa. Shi ya sa mata biyu za su sayi gero a kasuwa ɗaya, su markaɗa a inji ɗaya, amma kunun wannan ya ƙare kafin azahar, na waccan ya kai la'asar a kula.

Wannan sirrin na tsiro da zafi shi ne dai masu dafa giya ke aiki da shi a duniya, har da masu burkutu. Giya haramun ce, kuma a Zamfara doka ta hana ta tun da aka ƙaddamar da Shari'a a Gusau a watan Oktoban 1999, ta fara aiki a Janairun 2000. Abin da ya shafi shirin nan shi ne abin da ya faru da murhun masu dafa ta. A Amurka, bayan da Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta wannan girki a gida a shekarar 1978, masu yinsa sun daɗe suna amfani da manyan rishon gas a tsakar gida, domin ba a kunna irin wannan wuta a rufaffen ɗaki. Daga baya da yawansu suka huda tukwanensu suka ɗaura musu hita ta lantarki da na'urar tsare zafi, har kamfanoni suka fara ƙera tukwane na musamman, irin su Braumeister a Jamus da Grainfather a Niyu Zilan. Dalilansu su ne na mai kunu: gas na ƙarewa ana tsakiyar aiki, iska na kwashe wuta, kuma harshen wuta ba ya iya tsayar da zafi a digiri ɗaya tak. Abin da ya ba su wahala shi ne soket ɗin gidajen Amurka bolt 120 yake bayarwa, ba ya ɗaukar abin da ya wuce wajen wat 1,500, sai sun ja layi na daban. Ta wannan fuskar gidan Gummi ya fi nasu sa'a, domin wutar Najeriya bolt 230 ce, kuma soket mai ƙafa uku yana iya ɗaukar wat 3,000, in wayarsa ta kirki ce.

Yanzu sai lissafi, kuma mai biro a kusa ya rubuta. A ɗauki mace mai tafasa ruwa lita 40, wato jarka biyu masu lita 20. Ɗaga zafin wannan ruwa daga yadda yake a randa zuwa tafasa yana cin abin da ya kai yunit 3.3 na makamashi, irin yunit ɗin da mitar lantarki ke ƙirgawa, ko da wace irin wuta aka yi. Bambancin yana wajen ɓarna. Hitar da aka nutsar cikin ruwa kusan duk zafinta a ruwan yake tsayawa, saboda haka mita za ta ci wajen yunit 3.7, kuma da hita mai wat 3,000 aikin zai ɗauki awa ɗaya da kwata. Kilo ɗaya na gas yana ɗauke da makamashin da ya kusa yunit 13, amma a tsakar gida, musamman da hunturu in iska na kaɗawa, fiye da rabinsa yana bin gefen tukunya ya tafi. Wannan ruwan zai ci kusan kashi biyu cikin uku na kilo. Ke nan tukunyar kilo 12.5 ba za ta kai mai kunu kwana ashirin ba, ko da ba a ɗora tuwon dare a kanta ba.

In kilo yana naira 1,200, tafasa ɗaya ta tashi a wajen naira 800. To lantarki fa? Ya danganta da rukunin da layin unguwa yake. Hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta raba masu shan wuta rukuni biyar: rukunin A ana yi masa alƙawarin awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E kuma awa 4. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit, daga baya aka ɗan sauko da shi zuwa ɗari biyu da 'yan kai, sauran rukunan kuma aka bar su ƙasa da naira 70. Da wancan farashin, mai rukunin A za ta biya abin da ya kusa naira 800, wato daidai da gas, babu wata riba ta fuskar kuɗi. Mai ƙaramin rukuni kuwa ba za ta wuce naira 260 ba, kashi ɗaya cikin uku na kuɗin gas. Farashi yana canzawa, don haka kowa ya sa na ranar da yake lissafi, ya duba rasitin mitarsa ya ga nawa ake sayar masa da yunit. Adadin yunit da na kilo dai ba sa canzawa.

A takarda ke nan lantarki ya yi nasara. Amma mutumin Bukkuyum ba ya buƙatar a gaya masa cewa wuta mai arha ita ce wadda ba ta zama. Kamfanin Kaduna Electric ne ke raba wuta a jihohin Kaduna, Kebbi, Sakkwato da Zamfara, kuma garuruwan yammacin Zamfara suna can ƙarshen dogayen layuka da suka ratsa dazuzzuka. In turke ya faɗi ko ɓarayi suka yanke waya, gyara yakan jira hanya ta yi lafiya. Akwai ƙauyukan da turakun ma ba su taɓa isa ba. Ba a manta da watan Oktoban 2024 ba, lokacin da lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta Arewa, har da na Shiroro zuwa Kaduna, ta jefa jihohi da dama cikin duhu fiye da mako guda. Ƙullun da aka markaɗo ba ya jiran a gyara layi. In bai ga ruwan zafi a kan lokaci ba, ya yi tsami, jarin ranar ya tafi.

Akwai kuma wutar da ta zo amma ba ƙarfi, wadda ƙwai ke ja kamar garwashi. Wannan ta fi cutar da mai hita fiye da yadda ake zato, domin zafin hita ba daidai da saukar wuta yake sauka ba, ya fi haka. In wuta ta faɗo daga bolt 230 zuwa 180, hita mai wat 3,000 ba za ta ba da abin da ya wuce wajen 1,800 ba, aikin awa ɗaya da kwata ya koma awa biyu da 'yan mintuna. In ta kai 160, zafin ya koma rabi. Mai kunu takan ɗauka an sayar mata da jabun hita, alhali laifin yana can kan taransifoma da dogon layi. Galibi wuta ta fi ƙarfi da tsakar dare zuwa asuba, lokacin da unguwa ta kashe kayanta, kuma wannan ya zo daidai da masu koko da ke tashi kafin kiran sallah.

Wani zai ce ai ga janareta. A nan shawara ɗaya ce: kada a tafasa ruwa da janareta. Ƙaramin nan da ake kunna fanka da talabijin da shi bai kai wat 1,000 ba, hita za ta shaƙe shi nan take. Babban da zai iya ɗauka kuwa, kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin fetur kawai yake mayarwa lantarki, saura ya tafi a ƙara da zafi da hayaƙi. Lita 40 na ruwa zai sha fetur wajen lita biyu. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin lita biyu ya ninka kuɗin gas ɗin da ake gudu. Wanda ya ƙona fetur don ya samu lantarki don ya samu zafi ya yi zagaye ne kawai, ya biya kuɗin hanya.

Ga wadda layinta ke samun wuta ta tsayayyen lokaci, aikin farko ba sayen hita ba ne, kiran mai gyaran wuta ne. Hita mai wat 3,000 tana jan amfiya 13, iyakar abin da filogi mai ƙafa uku zai ɗauka ke nan, kuma za ta ja shi fiye da awa guda ba hutawa. Yawancin gidaje an yi musu wayarin ne don ƙwai da fanka da cajin waya, da siririyar waya mai milimita 1.5 ko ƙasa da haka, wani lokaci ma ba tagulla ce zalla ba. Irin wannan waya takan yi zafi cikin bango ko cikin rufi inda ido ba ya gani, robarta ta narke, a wayi gari ana cewa gobara ta tashi ba dalili. Abin da ya kamata shi ne a ja layi na musamman daga akwatin raba wuta zuwa madafa, da wayar tagulla mai milimita 2.5 aƙalla, da birekarsa shi kaɗai. Kada a yi amfani da doguwar wayar jona mai soket huɗu da ake sayarwa a tebur. A kafa soket sama da ƙugu, nesa da inda ake zubar da ruwa. Mutanen Gummi da suka ga ambaliyar watan Agustan 2024 sun san inda ruwa ke iya kaiwa a bango.

Abu biyu ne mai gyara zai iya cewa a bari don rage kuɗi, kuma su ne ba a bari. Na farko wayar ƙasa: sandar tagulla da ake kafawa a ƙasa mai danshi, a haɗa ta da ƙafa ta uku ta soket da jikin tukunya, domin in wuta ta ɓalle ta bi ta nan maimakon ta bi ta jikin mutum. Na biyu wata bireka ce mai gane yoyon wuta, masu gyara suna kiranta ELCB ko RCD, a nemi mai lamba 30 na miliamfiya. Bireka ta kullum waya take karewa, ba ta yankewa sai wuta mai yawa ta wuce, alhali abin da ke tsayar da zuciyar mutum bai kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ɗaya ba. Ita kuwa birekar yoyon wuta takan yanke cikin ƙiftawar ido. In mai gyara ya ce, "Hajiya, ai ko babu ita zai yi aiki," amsar ita ce, "Malam, na sani, a dai sa min." Tana da maɓallin gwaji a jikinta, a riƙa dannawa duk wata a ga ta yanke.

Sai zaɓen hita. Ƙaramar nan mai lanƙwasa da ake ratayawa a bakin bokiti don ruwan wanka ta yi ɓarna a gidaje da makarantun kwana: ta narka bokitin roba, ta ja yaron da ya tsoma hannu ya ji ko ruwa ya yi zafi. Wadda ake haɗawa da hannu da tsirarar waya kuwa ba ta da wurin zama a gidan da ke da yara. Ga mai sana'a, hanya mafi aminci ita ce a samu tukunya mai kauri ta ƙarfen da ba ya tsatsa, a huda ta kusa da gindi, a zura hita irin ta tankin ruwan zafi, a ɗaure ta da noti da zoben silikon mai jure zafi, a rufe bakin wayoyin cikin akwati daga waje yadda ruwa ba zai taɓa su ba. In an ƙara famfo a ƙasa, mai kunu ta huta da ɗaga tukunyar tafasasshen ruwa, wanda shi ne ya fi ƙona mata da 'ya'yan da ke wasa a gindin murhu. Kada a taɓa kunna hita sai ruwa ya rufe ta ruf. In ta yi zafi a busshe ko na minti ɗaya ne, ta ƙone. A kashe soket kafin a kwashe ruwa, kullum.

Ruwa zalla ake tafasawa da ita. Ƙullu ko kunu in ya taɓa jikin hita sai ya kama ya ƙone, ƙauri ya bi tukunya duka. Mai kunun zaƙi ta yi dace a nan, domin ita dama ruwa take tafasawa ta zuba wa ƙullu a wani mazubi. Mai zoɓo ma haka: ta tafasa ruwa, ta juye kan ganyen a rufe.

Maganar hudar tukunya tana da wani gefe da ya shafi Anka da Bukkuyum fiye da ko'ina. A shekarar 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyuka irin su 'Yar Galma, Dareta, Abare da Bagega, sakamakon niƙa duwatsun zinari a cikin gidaje. Yara aƙalla 400 suka rasu, dubbai suka kamu, ƙungiyar likitoci ta MSF ta shafe shekaru tana yi musu magani, kuma sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasar Bagega. Waɗannan garuruwa sun biya farashi mai tsanani kafin su san dalma. Saboda haka kada wanda ya yarda maƙeri ya liƙe bakin hita ko hujin tukunya da narkakkiyar dalma. Haka kuma tukwanen da ake zubawa daga tarkacen alminiyam, irin su tsoffin sassan inji: gwaje-gwajen da aka yi a Kamaru da wasu ƙasashe sun nuna wasunsu suna sakin dalma cikin abinci, musamman in abin mai tsami ne. Zoɓo da tsamiya da kunun da ya kwana duk masu tsami ne, kuma yara ne manyan masu sayensu a ƙofar makaranta. Wadda za ta kashe kuɗi ta sauya murhu, ta fara sauya tukunya.

Wadda ba ta son huda tukunya tana iya sayen rishon lantarki na zamani mai fuskar gilashi, wanda ke zafafa gindin tukunya da maganaɗisu. Yana da sauri, ba ya ɓarna sosai, ana iya rage shi a ƙara. Sai dai ba ya aiki da alminiyam ko tukunyar ƙasa. A tafi kasuwa da ɗan maganaɗisu, in ya manne a gindin tukunya to za ta yi. Yawancinsu kuma an yi su ne don girkin gida, ba sa ɗaukar nauyin lita 40, kuma sukan kashe kansu in wuta ta yi ƙasa.

Babbar fa'idar lantarki ga mai kunu ba a tafasa take ba, tana cikin abin da ke biyo baya. Tun da babu harshen wuta, ana iya naɗe tukunya da tsohon bargo, ko a ɗinka mata riga da buhu biyu a cusa ɓuntun shinkafa a tsakani, abin da ke jibge a bayan kowane injin casa a ƙasar Gummi. Tukunya mai riga da murfi takan tafasa da wuri, kuma ta riƙe zafi na sa'o'i. Ke nan in wuta ta zo da ƙarfe biyun dare, a tafasa a rufe, da safe ruwan bai yi nisa da tafasa ba, ɗan gas kaɗan ya ƙarasa shi. Robar ƙullu ma in aka yi mata irin wannan riga bayan an zuba tsiro, zafin zai daɗe a tsakanin 60 da 70, sinadaran su yi aikinsu sosai, zaƙin hatsi ya fito, kuɗin sukari ya ragu. Ma'aunin zafi na girki, mai tsinke da ake tsomawa, ba shi da tsada, kuma yana koya wa 'yar da ke taya uwarta aiki cikin mako guda abin da hannu ke koya cikin shekaru. Wadda ta ƙara na'urar tsare zafi za ta iya saita ruwa a digirin da take so, na'urar ta riƙa kunnawa da kashewa da kanta. Sai dai a tabbatar ƙarfinta ya kai na hitar, domin ƙananan da ake sa wa na'urar ƙyanƙyasar ƙwai ba sa ɗaukar amfiya 13 kai tsaye.

Saura sola, wadda ita ce fatan ƙauyukan da babu turke. Rana dai Allah ya hore wa Zamfara. Faifai ɗaya mai wat 550 yakan tara yunit biyu zuwa biyu da rabi a yini, in ana goge masa ƙurar hunturu. Faifai biyu ke nan sun tara abin da zai tafasa lita 40 a yini guda, amma ba a lokaci ɗaya suke ba da shi ba. Kunna hita mai wat 3,000 kai tsaye yana buƙatar faifai shida ko bakwai da babbar inbata. Dabarar ita ce a rage hita zuwa wat 1,000, a yi amfani da faifai uku, a ɗora ruwa tun hantsi, ya tafasa cikin wajen awa huɗu a tukunya mai riga, a dama da rana, kunu ya kwana kamar yadda aka saba. Abin da ba ya biya shi ne tafasa ruwa da batir da dare. Batir mai bolt 12 da lamba 200 yunit 2.4 yake ɗauka, kuma rabi kawai ake ja in ana so ya daɗe. Tafasa ɗaya sai ta zuƙe wannan rabin daga batir uku. In sun mutu kuma, cikinsu dalma ce da ruwan batir: kada a fasa su a gida, kada a bar yara su yi wasa da su, a mayar wa dillalan da ke karɓar tsoho.

Ita kuma tukunyar gas, kada a sayar da ita. A yammacin Zamfara mai sana'a tana buƙatar wuta biyu: lantarki ranar da aka kawo, gas ranar da aka ɗauke. Gas ɗin ma ana iya rage masa ci. A kewaye risho da falankin kwano ya tare iska, a rufe tukunya, a rage wuta in harshenta ya fara leƙowa ta gefe, a tabbatar shuɗi yake ba ja ba. A riƙa shafa ruwan sabulu a bakin tiyo a ga ko zai yi kumfa, kuma kada a kunna babban risho a ɗakin da aka rufe ƙofa da taga.

Wadda ke da mita mai kati tana iya gwada duk abin da aka faɗa kafin ta huda ko tukunya ɗaya. Ta ari butar lantarki, ta kashe sauran kayan gida, ta rubuta lambar da ke fuskar mita, ta tafasa lita biyu, ta sake dubawa. Abin da ya ragu ta ninka shi sau ashirin, ta san yunit nawa lita 40 zai ci a gidanta, da irin wutar unguwarsu. Sannan ta sa yaro ya riƙa rubuta lokacin da aka kawo wuta da lokacin da aka ɗauke har tsawon mako biyu. In a mafi yawan kwanakin ana samun awa biyu a jere masu ƙarfi, to ta kira mai gyara ya zo ya auna tsawon waya daga akwati zuwa madafa, ya yi mata kuɗin aiki a rubuce, da wayar ƙasa da birekar yoyo a ciki. Gidan da babu mita kuwa, ana kawo musu takardar ƙiyasi, sai su fara neman mita a ofishin kamfanin wuta, domin sai da ita za su san nawa tukunyar ke ci.